Mai Gwaji

A Mbita, inda tafki ke kwana da fitilu a gadon bayansa,
ni Nyandiko, shekara ashirin da shida ina shanyar omena,
ban taɓa sanin nawa take a Kisumu ba.
Dillali ya zo a babur, ya yanka kuɗi,
in ce to.
Wanda bai je kasuwa ba, bakin dillali ne kasuwarsa.

Sai autata Awuor ta tafi koyon abin da harshena ya kasa kamawa.
Wata uku a wani ɗaki, saman shagon mai gyaran takalma,
su goma sha bakwai, kwamfuta huɗu,
ɗaya ma sai an tokare ta da bulo.
In wuta ta ɗauke, malaminsu Odongo ya ce a ɗauko biro.
Su rubuta umarni a takarda,
wani ya zama waya, wani ya zama mai dannawa,
har wayar ta tsuke baki ta ce, "Ban gane ba."
A yi dariya, a sake.

Ta dawo a rame,
da littafi cike da ɗigo-ɗigo da ƙugiyoyi,
ta ce, "Mama, ara min wayarki."
Wayata mai maɓallai, an ɗaure ƙugunta da roba,
gishiri da yatsa sun cinye lamba biyar.

Wai manhajar za ta kawo min farashi kafin gari ya waye.
Ranar farko saƙo ya iso ƙarfe takwas,
dillali ya daɗe da tafiya da buhu uku.
Ashe agogon wata ƙasa yake bi.
Ta gyara.
Washegari ya zo a kan lokaci,
rubutu ƙanana kamar ƙwan kifi, da Turanci.
Na miƙa mata, na ce, "Karanta min."

Ta yi shiru.
Ta daɗe tana kallon ruwa.

Mako biyu tana bin mu bakin tafki da takarda:
wa ke da waya, wa ke aron ta miji,
wa ke caji a shagon Ogutu kan shilin goma,
wa ke awo da gwangwani, wa da bokiti.
Mata suka ce 'yar Nyandiko ta koma malamar ƙidaya.

Yanzu da asuba wayar kan yi kuka,
in na ɗaga, murya ce, da harshenmu na Luo,
muryar ƙanwata Akeyo mai rumfa a Kisumu:
"Gwangwani ɗari da tamanin. An yi ruwa, kaya kaɗan ne."

Dillali ya ce ɗari da ashirin.
Na danna, Akeyo ta maimaita masa a kunne.
Ya cire hular kwano, ya sosa ƙeya.
Muka tsaya a ɗari da hamsin.
Ba arziki ba ne,
kuɗin sabulu ne da kananzir.

Mu arba'in da ɗaya muke ba ta shilin biyar duk mako.
Ba ya kai kuɗin data.
Da rana tana sauya wa mutane gilashin waya don cike giɓi.
Wasu baƙi sun zo da farar mota,
suka ɗauki hotonta riƙe da tarun da ba ta taɓa ja ba,
suka ce za su kira.
Damina biyu ke nan.

Jiya manhajar ta kurumce.
Tsakar dare na fito, na same ta a bakin ƙofa,
hasken allo a fuskarta,
can kuma masunta sun jera fitilu a kan ruwa.
Su da ita sana'a ɗaya ashe:
a kunna haske, a zauna,
a jira ƙaramin abu ya taso daga duhu.

Wajen kukan zakara ta taɓa kafaɗata.
"Mai gwaji," ta ce, haka take kira na yanzu,
"danna mu gani."

Na goge hannu a zani.
Na laluba inda biyar take a da.